Farin da Malam Abdulsalami Ya Zana

A shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, aka zauna rabon ma'aikata da kayan aiki. Masu hanya suka tashi da motoci da kujeru masu juyawa. Malam Abdulsalami Sundimina ya tashi da gwangwanaye biyu na awon ruwan sama, da mazurarinsu, da wata kwalba mai zanen milimita a jikinta, sai takardar da ta ce ya koma Birnin Kudu ya kama aiki a wani ƙaramin ofishin gona. Ya rungumo gwangwanayen a cinya tun daga Kano, bai yarda an ɗora su a saman mota ba.

Ɗaya ya kafa a bayan ofis. Ɗayan ya kai Gwaram, ya kafa a harabar wani sito, ya koya wa mai gadin wurin yadda ake karantawa. Kullum ƙarfe bakwai na safe, in damina ta kama, za a gan shi ya tsugunna, ya juye ruwan gwangwani a kwalba, ya ɗaga ta daidai idonsa ya rubuta. Ranar Asabar ya hau babur ɗinsa ya je Gwaram ya kwaso na can. Ƙarshen wata ya shimfiɗa takarda mai gida-gida, ya ɗauko rula da fensir, ya zana jadawali: watanni a kwance, milimita a tsaye, layi yana hawa yana sauka yadda Allah ya saukar da ruwan.

Matarsa Kubura ce kaɗai ta taɓa tambayarsa amfanin aikin. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Malam, wai in ka auna ruwan, ƙaruwa yake yi?"

Ya ce, "Ba ya ƙaruwa. Amma an san nawa ne."

Ta ce, "Wa ya sani?"

Amsar ba ta wuce mutum ɗaya ba. Shekara goma sha tara yana kai jadawalin teburin shugabanni, suna sa hannu ba tare da sun buɗe ba. Wani shugaban ma kan fayil ɗin yake ɗora kofin shayinsa, har ya yaba da kaurin fayil ɗin, ya ce tebur ba ya zafi.

Sai ga wani shirin tallafin noma ya sauka a ofishin, da mota mai tambari a ƙofa, da janareto, da kwamfuta ta ɗauka-da-hannu guda ɗaya. Aka rasa wanda za a ɗora wa wahalar koyonta, aka tuna akwai wani mai son lambobi a ɗakin ƙarshe. Wadda aka turo ta koyar da shi sunanta Madam Sylvia, haifaffiyar Jos, Hausa a bakinta kamar ruwa. Kwana uku aka ba ta.

Ranar farko ya shigar da lambobin wata shida da yatsa ɗaya. Ta danna wani wuri, sai ga jadawali ya fito a allo tsaf, aikin da yake kwashe yini biyu yana yi da rula. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ta ce, "Malam, danna sau biyu a kan layin nan."

Ya danna. Wani akwati ya buɗe, cike da launuka.

"Zaɓi wanda kake so."

Mutumin da duk rayuwarsa fensir biyu ya sani, ja da shuɗi, ya tsaya yana kallon launi fiye da ɗari. Ya zaɓi kore. Layin ya zama kore nan take. Ya zaɓi ruwan goro. Ya koma kore. Ta nuna masa yadda ake ƙara wa layi kauri, yadda ake mayar da shi tsinke-tsinke, yadda ɗigon kowane wata zai zama da'ira ko alwatika ko tauraro. Ta nuna masa ɗan akwatin da ke bayyana wane layi ne na wane gari, ta kama shi da linzamin kwamfuta ta ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta nuna masa yadda ake sa wa layin tsaye iyaka, daga sifili zuwa duk inda mutum ya ga dama. Abin da ya fi ratsa shi shi ne maɓallin komawa baya: in ka yi kuskure ka danna, kuskuren ya tafi, babu gogewa, babu takardar da ta huje.

A rana ta uku ta nuna masa wani ɗan hoton hannu a gefen allo. Ta ce, "Duk abin da na koya maka riga ce, ka sauya wa jadawali yadda kake so. Wannan kuwa daban yake. In ka kama ɗigo da shi ka ja sama ko ƙasa, lambar da ke cikin teburin ma ta canza. An yi shi ne don gyara kuskuren shigarwa. Ban so in ji ka yi wasa da shi."

Ya ce, "Madam, ni da na tsugunna na auna? Allah ya kiyaye."

Jadawalin farko mai launi da ya kai teburin shugaban ofis, Alhaji Sada, shi ya canza masa rayuwa. Alhaji Sada mutum ne mai babbar riga ko ranar zafi, wanda ya yi imani cewa duk abin da ya fito daga firinta ilimi ne. Ya riƙe takardar ya jima yana kallo. Abdulsalami ya tsaya yana cewa a ransa yau dai za a tambaye shi me ya sa ruwan Yuni ya yi ƙasa.

Alhaji ya ce, "Me ya sa layin Gwaram ya fi na Birnin Kudu kauri?"

"Ranka ya daɗe, kaurinsu ɗaya ne."

"To ai ka ga matsalar. Nan ne hedikwata."

Aka ƙara wa Birnin Kudu kauri. Sati na gaba wani jami'i ɗan asalin Gwaram ya shigo ɗakin ƙarshe ransa a ɓace, ya ce don me aka yi wa garinsu ja, ko su ne haɗari? Aka mayar da shi shuɗi. Aka ce shuɗin ya yi kama da na tutar wata jam'iyya. Aka mayar da shi kore, aka ce wannan kuma na ɗaya jam'iyyar ne. Sai da aka kafa kwamitin mutum huɗu, suka zauna sau biyu, suka sha lemo, suka tsayar da ruwan ƙasa ga Gwaram da ruwan toka mai duhu ga Birnin Kudu, tunda babu jam'iyyar da ta taɓa son waɗannan. Batun wane gari za a fara rubutawa a cikin ɗan akwatin bayani kuwa, shi ba a taɓa warware shi ba. Abdulsalami ya riƙa buga kwafi biyu, kowa a ba shi wanda garinsa ke sama.

Ya zama mutum mai muhimmanci. Aka fara gaishe shi da hannu biyu. Aka sa masa fanka. Mataimakin shugaba yana son taurari a kan ɗigo, sakatare yana son rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki, Alhaji yana son hotonsa a kusurwar dama ta sama, inda ya rufe ruwan Satumba gaba ɗaya. Ba za a ce Abdulsalami bai ji daɗi ba. Ya ƙware har yana iya sa wa bayan jadawali launin da ke dusashewa daga sama zuwa ƙasa kamar sararin asuba. Cikin duk masu shigowa ɗakinsa, babu wanda ya taɓa tambayar milimita nawa aka samu.

Kubura ta ce, "Na ji an ce yanzu kai ne mai rini a ofis."

Ya ce, "Kimiyya ce."

Ta ce, "To, Allah ya ba da kasuwa."

A shekara ta biyu ta shirin aka kawo ingantaccen irin gero, buhu-buhu, tun watan Mayu, don a raba wa manoman Unguwar Ya da Sundimina da ƙauyukan Gwaram. Alhaji Sada ya ce iri irin wannan ba a raba shi haka kawai kamar goro, sai an yi bikin ƙaddamarwa da babban baƙo. Babban baƙon ya ɗaga rana sau uku. Ruwa bai san da maganar ba, ya sauka a kan lokacinsa. Manoma suka gaji da zarya suka shuka nasu na gida. Sai ƙarshen Yuli aka kafa rumfa, aka yanka kintinkiri, aka yi hotuna, aka raba iri. Waɗanda suka ji kunyar ƙin shukawa suka shuka a gefen gona. Geron ya fito, ya yi kore shar, damina ta ɗauke ya tsaya haka nan babu zangarniyar kirki, awaki suka gode.

A watan Nuwamba aka aiko cewa masu tallafin za su zo jin yadda irin ya yi. Alhaji ya kira Abdulsalami ya rufe ƙofa da kansa.

"Malam Abdulsalami, bana an yi fari."

"A ina, ranka ya daɗe?"

"A nan. Da Gwaram."

"Ranka ya daɗe, bana ai har katangar masallacin unguwarmu ruwa ya kayar. Agusta kaɗai milimita ɗari biyu da tamanin da shida na auna a bayan ofis ɗin nan."

"Na ji. Amma an ce a cikin na'urar nan akwai wani ɗan hannu da ake jan ɗigo da shi. Ka ja Agusta ƙasa. Ka ja Yuli ya bi shi. Aikin minti biyu ne."

Ashe duk cikin darasin kwana uku, wannan ɗan hannun ne kaɗai labarinsa ya kai ofishin shugaba. Abdulsalami ya ce a ba shi zuwa gobe.

Ya koma ɗakinsa ya buɗe jadawalin. Ya ɗauki ɗan hannun ya ɗora a kan ɗigon Agusta. Ya tuna safiyar da ya auna ruwa mafi yawa a watan, yadda gwangwanin ya kusa cika sai da ya juye sau uku, da yadda takalminsa ya maƙale a taɓo. Ya janye hannun. Amma ya tuna fankar da ke kansa, da gaisuwar hannu biyu, da fuskar Alhaji. Sai ya yi abin da mai tsoron Allah da tsoron shugaba a lokaci guda yake yi: ya nemi hanyar tsakiya.

Ya danna layin tsaye sau biyu. Iyakarsa ta sama ɗari uku ce. Ya goge ya rubuta dubu uku. Nan take layukan biyu suka rufta suka kwanta a gindin allo kamar igiyar da aka yar, tudun Agusta ya koma ɗan ƙullutu. Lambobin gefe ya mayar da su ƙanana ƙwarai, ya ba su launin toka mai haske, sai mai ido sosai. Ya cire layukan raga na baya, kada su taimaki mai son ƙirgawa. Ya sa wa filin da ya rage a sama launin rairayi, fili fetal, wanda ko kallonsa mutum ya yi sai ya ji ƙishirwa. Bai taɓa lamba ko ɗaya ba. Ya maimaita wa kansa haka sau da yawa a hanyar masallaci.

Alhaji ya gani ya yi ta jinjina kai. Ya ce, "Kai, wannan fari ya yi muni. Allah ya sa manoma su jure."

Ranar taro, a watan Janairu, aka cika babban ɗakin ofis da kujerun haya. Aka haɗa kwamfutar da majigi. Baƙi uku ne, amma mai magana a cikinsu wata mace ce siririya mai tabarau, Dakta Fatimatuzzahra, malamar jami'a da masu tallafin suka ɗauko ta duba musu aikin. Tsarin shi ne Abdulsalami ya zauna gaban kwamfuta yana juya hotuna, Alhaji yana bayani. Amma da aka zo kan jadawalin ruwa, Alhaji ya ga 'yar kibiyar linzamin kwamfuta tana yawo a bango, ya ga ba daidai ba ne ƙaramin ma'aikaci ya riƙe abin nuni alhali shugaba na tsaye. Ya ce, "Kawo linzamin nan."

Abdulsalami ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, gara ka yi amfani da sanda."

"Kawo."

Ya miƙa. Alhaji ya tura linzamin, kibiyar ta yi sama ta yi ƙasa, da ƙyar ya kai ta kan ƙullutun Agusta. Ya ce, "Ku dubi nan. Watan da ya kamata a ce ruwa ya yi yawa. Ku dubi abin tausayi."

Manhajar tana da wata ɗabi'a ta son taimako. In kibiya ta tsaya a kan ɗigo, sai ta fito da ɗan akwati ta rubuta lambar ɗigon. Akwatin ya fito a bango, rawaya, da baƙin rubutu manya-manya, kusa da hular Alhaji.

Dakta Fatimatuzzahra ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi. "Agusta, ɗari biyu da tamanin da shida. Alhaji, milimita ne wannan?"

Alhaji ya juya ya kalli bango. Ya girgiza linzamin don akwatin ya tafi. Kibiyar ta faɗa kan Yuli, wani akwatin ya fito: ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ya sake girgizawa, yatsansa ya murza 'yar tayar da ke tsakiyar linzamin, jadawalin ya zuƙo kusa, ƙullutun ya kumbura ya zama tudu har ya cika bango.

Wani daga baya ya ce, "Ikon Allah, ruwa ya dawo."

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wa ke awon?"

Abdulsalami ya miƙe. Ta ce ya nuna mata teburin lambobin. Ya buɗe. Ta ce tun yaushe yake da su? Ya ce tun shekarar da aka yi jiha, kowace safiya, gari biyu. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kowace safiya?" Ya ce ban da kwana tara da ya yi a kwance a wata shekara, kuma ya rubuta a gefen takarda cewa babu awo. Ta tambaye shi lambobin nan an taɓa su? Ya ce wallahi ba a taɓa ba. Ta ce, "To layin tsayen fa, wa ya kai shi dubu uku? Ko a kudu ba a yin ruwan nan a wata guda."

Ya kalli Alhaji. Alhaji yana kallon silin. Abdulsalami ya ce, "Ni ne."

Daga nan ta juya ta tambayi ranar da aka raba iri. Wannan ba ta buƙaci jadawali ba, don ranar tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin hoton bikin da aka rataye a bangon ɗakin, Alhaji riƙe da almakashi.

Bayan sati biyu takarda ta fito. Binciken cikin gida ya gano cewa abin da ya faru kuskuren na'ura ne, wanda sakacin mai kula da ita ya jawo. Aka mayar da Malam Abdulsalami Gwaram, ya je ya zauna kusa da gwangwaninsa na biyu. Aka cire fankar aka kai ofishin sakatare. Alhaji Sada kuwa, bayan shekara ɗaya, aka ɗaga shi zuwa babban ofis, saboda gogewarsa wajen hulɗa da masu tallafi.

Kubura ta ɗaure kaya, suka hau mota har suka wuce gada. Ta ce, "Da ka ja ɗigon, da yanzu muna gida."

Ya ce, "Da na ja, da akwatin ya nuna ƙarya."

Ta ce, "Da ba ka taɓa komai ba fa?"

Ya ce, "Da tun Nuwamba muka taho."

Kwamfutar ta biyo shi, don babu wanda ya yarda ya taɓa na'urar da ke tona asiri a gaban baƙi. A Gwaram babu mai zaɓa masa launi. Dakta Fatimatuzzahra ta aiko a kwafe mata lambobin shekara ashirin, daga baya ta aiko masa da wata maƙala da Turanci mai shafi goma sha biyu, sunansa na cikin godiya a shafin ƙarshe, an rubuta shi Abdulsalam, babu wasalin ƙarshe. Ya sa alƙalami ya ƙara. Ya yi shekara tara a can. Abin da ya fi ba shi sha'awa a lokacin shi ne ya ɗora damina a kan damina a allo ɗaya, tsofaffin shekaru siraran layuka masu haske, shekarar da ake ciki baƙa mai kauri, yana kallon inda take bi a tsakaninsu.

Da ya ajiye aiki ya koma Sundimina, gonar mahaifinsa. A daminar farko ya buɗe jadawalinsa na shekara talatin, ya ga a mafi yawan shekaru ruwa yana zama sosai daga sati na biyu na Yuni. Ruwa ya sauka ran goma ga wata, ya auna, ya ga ya isa. Washegari ya fita da iri. Maƙwabcinsa na gona, Ɗanbala, tsoho ne da bai taɓa riƙe rula ba, yana zaune gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya.

Abdulsalami ya ce, "Malam Ɗanbala, ba ka shuka? Shekara ashirin da uku cikin talatin, wannan ruwan shi ne na shuka."

Ɗanbala ya ce, "Gwiwata ba ta yarda ba tukuna. In damina ta zauna, ita ke fara faɗa mini."

Ruwa ya ɗauke kwana goma sha huɗu. Tsiron Abdulsalami ya ƙone ƙurmus. Ɗanbala ya shuka a ƙarshen wata, nasa ya tashi lafiya. Ranar da Abdulsalami ya fito yin shuka ta biyu, Ɗanbala ya leƙo ta kan iyaka ya ce, "Malam, na'urar ba ta faɗa maka ba ne?"

Ya ce, "Ta faɗa. Bakwai ɗin da suka rage ne ban duba ba."

Ɗanbala ya ce in yana so, duk safiya ya riƙa zuwa yana tambayar gwiwar, ba zai hana shi ba. Abdulsalami ya ce zai zo. Ya sunkuya ya ci gaba da saran rami, Kubura na bin sa a baya tana zuba iri tana rufewa da ƙafa.